Wuta Ta Zo, Mai Kula da Ita Bai Zo Ba: Waiwaye kan Aikin Lantarki a Karkarar Arewacin Kano

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina ta Bichi da Tsanyawa, ko ya miƙe ta Ɗambatta ya nufi Kazaure, zai lura babu daji a wannan ƙasa. Gona ce ke bin gona, gida na hango gida, ɗorawa da gawo da kuka na tsaye a tsakiyar gero da dawa. Tun a shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin wannan yanki da ya kewaye birnin Kano, inda ƙasa ba ta samun hutu, ana nome ta shekara da shekara da taimakon taki, har da wanda jakuna ke ɗaukowa daga birni. Jama'a ce mai yawa, amma ba a dunƙule take ba. In ka ɗauke manyan garuruwa, mutane da dama kowa ya kafa gidansa ne a bakin gonarsa.

Zama ne mai daɗi ga manomi. Ga mai jawo wutar lantarki kuwa ciwon kai ne. Wutar da ke fita daga taransifoma ta shiga gidaje, mai ƙarfin bolt 230 zuwa 240, ba ta jure doguwar tafiya. Da ta yi 'yan ɗaruruwan mitoci sai ƙarfinta ya fara zubewa a hanya, balle in wayar siririya ce. A unguwar birni taransifoma ɗaya za ta ɗauki gidaje rututu a ɗan taƙin wuri. A nan kuwa sai an kafa turaku goma kafin a kai ga gida uku. Shi ya sa na kusa da taransifoma yake kunna firji, na ƙarshen layi kuwa ƙwan fitilarsa sai dai ya yi ja, ko allo ba a iya karantawa da shi. Wannan lissafi ne ya hana wuta saurin shiga karkararmu, shi ne kuma ya daɗe yana korar masu iliminta zuwa birni.

Legas ta ga lantarki tun 1896. Kano sai a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, lokacin da En'e ta ɗebi kuɗin baitulmali ta gina ma'aikatar ruwa da wuta a bakin kogin Challawa. Tare aka haifi ruwan famfo da wutar, domin injin da zai tura ruwa zuwa birni sai da wuta. Injiniyoyin Turawa ne. 'Yan ƙasa su ne masu haƙa rami, masu zuba mai, masu hawa turke. A cikinsu akwai wani ma'aikaci da ba a cika tunawa da shi ba, wato wanda ke zagaya ɗakin inji da littafi a hannu, ya duba allurar zafi da ta matsin mai da ta ƙarfin wuta, ya rubuta, in ya ga allura ta kauce ya sheƙa ya kira babba. Duk abin da ake kira aikin na'urorin awo da sarrafa inji a yau, daga littafin mutumin nan ya taso.

Sauran tarihin hukumomin sananne ne, ba sai an daɗe a kansa ba. Dokar 1950 ta kafa hukumar lantarki ta ƙasa, ECN, a 1962 aka kafa hukumar madatsun kogin Neja, aka kammala Kainji a 1968, a 1972 aka haɗe biyun aka samu NEPA. Duk wannan, mutumin Kunchi ko Makoɗa labari yake ji a rediyo mai batir. Hasken gidansa aci-balbal ne, sai fitilar ƙwai, sai tocila in ya samu hali. Injin da ya fara zama a ƙauye shi ne injin niƙa mai shan dizal, masu taɓa waya na farko kuwa masu gyaran rediyo ne da ke baje kayansu ran kasuwa.

Da aka kafa Jihar Kano a 1967, Gwamna Audu Bako ya sa ƙarfinsa a kan ruwa. Daga shekarun 1970 zuwa farkon 1980 aka yi ta gina madatsun ruwa, arewacin jihar kuma ya samu rabonsa: Watari a Bagwai, Tomas a wajen Ɗambatta, Gari a wajen Kunchi, Jakara a ƙasar Minjibir. Hukumar ruwa ta WRECA ta zama tamkar makarantar injiniyoyi, hukumar samar da wuta a karkara, REB, ta shiga kafa turaku. A garin da layin NEPA bai kai ba akan girke babban injin dizal a ba mutane wuta na 'yan awoyi da daddare. Zamanin Gwamna Abubakar Rimi, 1979 zuwa 1983, shi ne wanda dattawa suka fi ambato in ana zancen ranar da wuta ta shigo garinsu. Daga 1986 kuma hukumar raya karkara, DFRRI, ta gwamnatin Babangida ta ɗora nata.

A wannan zamani ne ɗan manomi ya fara ganin cewa wuta sana'a ce mai hawa-hawa. Akwai mai auna hanyar layi, akwai mai ɗaure waya a kan turke, akwai mai wayarin gida, akwai mai naɗin kwayil, akwai kuma wanda ke zuwa da farar mota da zane a naɗe, kowa na jiran ya sa hannu kafin a saki wuta. Akwai tsani na kaiwa can. Yaro ya gama firamare ya shiga makarantar koyon sana'a, ya wuce makarantar fasaha, ya ci jarrabawar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago ko ta City and Guilds, in ya yi ƙoƙari ya tafi kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna. Ta irin wannan tsani Rabi'u Musa Kwankwaso ya bi daga makarantar sana'a ta Wudil har ya zama injiniyan ruwa a WRECA, inda ya fara aiki a 1975. Ɗaya hanyar ita ce ta jami'a, ta Ahmadu Bello a Zariya ko ta Bayero a Kano. Sai dai a wancan lokaci 'yan Kano masu takardar kimiyya da za ta kai su can ba su da yawa, kuma wannan ƙaranci ne ya sa gwamnatin jiha ta buɗe makarantun sakandare na kimiyya a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977. A ganina babu wani mataki guda da ya ƙara yawan injiniyoyi da likitoci 'yan asalin Kano kamar wannan. Yara aka tsinto ta hanyar jarrabawa daga ko'ina a jihar, har da ƙauyukan da ko ƙwan lantarki babu.

Amma ina suka tafi bayan sun gama? NEPA ta ɗauki wasu, masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka ɗauki wasu, matatar mai ta Kaduna da aka buɗe a 1980 ta ja wasu, wasu suka yi Kudu aikin mai. Ba laifinsu ba ne, inda aiki yake nan ake zuwa. Ƙauye ya ba da yaransa, aka ba shi turaku da taransifoma, amma ba a bar masa mutum ɗaya da aikinsa shi ne ya riƙa duba lafiyar kayan ba.

Abin da ke biyo baya kowa ya san shi, don ya faru a garuruwa ba iyaka. An kafa taransifoma don gidaje kaɗan. Shekara biyar gari ya ƙaru, mai walda ya jona, mai injin markaɗe ya jona, an ja siririyar waya a kan itacen darbejiya zuwa unguwar da ke bayan burtali. Ba wanda ya zo da ma'auni ya duba ko layuka ukun da ke fita daga taransifomar nauyinsu ɗaya, sai aka tara wa ɗaya kaya. Fis ya fara tsinkewa kullum da magariba, wanda aikinsa ke nan, yana faɗa ne cewa kaya sun yi yawa. Sai a samu wani yaro mai ƙarfin hali da filaya da tasta, ya cire fis ya ɗaura jan ƙarfe mai kauri a madadinsa. Wuta ta daina ɗaukewa, ana sa masa albarka. Zafin da fis ke tarewa kuwa ya koma cikin taransifomar, mai yana raguwa ba wanda ya leƙa, wata rana da dare sai a ji ƙara, a wayi gari ana jin ƙauri. Daga nan sai karo-karo: dagaci ya tara masu unguwanni, a yanka wa kowane gida abin da zai kawo, a kafa kwamiti, a yi ta zarya ana neman wani ɗan siyasa. Gari yakan yi wata shida, wani shekara biyu, a duhu. Ba yaron nan kaɗai nake ganin laifinsa ba. Ya yi abin da ya iya ne a gurbin da ya kamata a ce akwai ma'aikaci.

Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 masana'antun Kano suka fara durƙushewa ɗaya bayan ɗaya, rashin tsayayyar wuta na cikin manyan dalilai. Wannan ya yi wa sana'ar illa ta inda ba a zata ba, domin masana'anta ce ke horar da mai aikin awo da sarrafawa. Jami'a tana ba da lissafi, amma sai a gaban tukunyar tururi ko layin cika kwalba mutum ke sanin yadda na'ura ke yin ƙarya. Ga misali ɗaya na irin tunanin da ke cikin aikin. Na'urar da ke auna ruwan tanki ba lamba take aikawa ɗakin kula ba, 'yar wuta ce tsakanin miliamfa 4 da 20. Tanki babu komai, 4. Ya cika, 20. Rabi, 12. Me ya hana a fara daga sifili? Saboda in ɓera ya ci waya ko ta tsinke, abin da zai iso shi ne sifili, nan take a gane cewa ba ruwa ne ya ƙare ba, layin ne ya mutu. Aikin injiniyan wannan fanni ke nan: ya zaɓi na'urar da ta dace, ya gwada ta da ma'aunin da aka amince da shi lokaci-lokaci, ya rubuta wa ƙaramar kwamfutar sarrafa inji, PLC, umarnin abin da za ta yi in zafi ya haura ko matsi ya faɗi, ya kuma tabbatar cewa in komai ya lalace injin zai tsaya ne ta hanyar da ba za ta kashe kowa ba. An ƙirƙiro PLC a ƙarshen shekarun 1960 don masana'antun mota na Amurka. A Najeriya kamfanonin mai da na siminti da na lemo ne suka fi riƙe wannan ilimi, cibiyar horar da ma'aikatan mai ta Effurun kusa da Warri kuma ta yi suna a kansa. Ɗan Tsanyawa da ya ƙware a nan, da wuya ka gan shi a gida in ba da salla ba.

An canza wa NEPA suna zuwa PHCN a 2005, aka sayar da ɓangaren rarrabawa a Nuwamban 2013, kamfanin KEDCO ya karɓi Kano da Katsina da Jigawa. Wannan ya canza mai kawo takardar kuɗin wuta, amma bai canza lissafin da muka fara da shi ba: layi mai tsawo, masu biya kaɗan. Abin da ya fara kawo aikin injiniya na gaske cikin gonaki ba wutar gwamnati ba ce, wayar salula ce. Daga 2001 dogayen ƙarafan sabis suka fara tsirowa a bakin hanyoyi, kowane da janareto da batura da na'urar da ke sauya layi da kanta, tana kuma aika rahoto ofis in mai ya yi ƙasa. A ƙarƙashinsu shagunan cajin waya suka buɗe, yara suka koyi haɗa soket hamsin a kan katako ɗaya.

Sai sola. Ta fara da 'yan fitilu da rijiyoyin burtsatse na ayyukan mazaɓu, farashin farantai yana sauka a kasuwar duniya, har aka kai ga manya: tashar megawat 7.1 a Jami'ar Bayero a 2019, da ta megawat 10 a Kumbotso a farkon 2023. Amma abin da ya juya karkara shi ne cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023. Tun zamanin da hukumar bunƙasa noma ta KNARDA ta yaɗa ƙananan injinan ban-ruwa a fadamu a shekarun 1980, manomin rani ya ajiye jigo ya dogara da fetur. Da lita ta ninka ta sake ninkawa, masu lambun tumatir da albasa da alkama suka fara lissafin farantai. A Oktoban 2024 kuma, da aka lalata turakun layin Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ke biyowa ta Makurɗi da Jos shi ma ya samu matsala, jihohin Arewa da dama suka haura mako guda babu wuta. Wanda ke da shakka a kan sola a lokacin ya daina.

Wannan shi ne karo na farko da zaman warwatse bai zama cikas ba. Farantin sola bai damu da nisan gidanka daga taransifoma ba. Aikin da ya daɗe yana birni yau ga shi a bakin gona.

To, je ka duba rijiyar burtsatse mai sola a kowace unguwa. Ga farantai a kan ƙarfe, ga akwatin sarrafawa, ga famfo a can ƙasan rijiya, wanda masu aikin ke kira sumo. A cikin tanki akwai 'yar roba mai shawagi da ke kashe famfo in ruwa ya cika. A cikin rijiyar akwai wata na'ura da ke kashe shi in ruwan ƙasa ya ja baya, domin ruwan ne ke sanyaya shi. Da bazara ta yi tsanani, a watan Maris ko Afrilu, ruwan ƙasa ya sauka, sai na'urar ta riƙa tsayar da famfo. Ga jarkoki sun yi layi, ga 'yan garuwa na ƙorafi. A kira mai gyara, ya buɗe akwati, ya haɗe wayoyi biyu don famfo ya daina jin gargaɗi. Ruwa ya zo, kowa ya yi murna. Bayan 'yan makonni sumo ya yi ta juyi a bushe har ya ƙone. Abin da aka yi wa fis shekaru talatin da suka wuce shi ake yi wa wannan. Wanda ya san aikin da ya auna zurfin ruwan, ya rage gudun famfo ko ya ƙara sauke shi in rijiyar ta ba da dama, ya kuma tsara wa mutane lokutan ɗiba. Tun farko ma da ya tambayi mai haƙa nawa rijiyar ke bayarwa a awa kafin ya sayi famfo, ya fuskantar da farantai kudu da ɗan karkata daidai da matsayin Kano, ya binne sandar atin saboda tsawa, ya gaya wa mai gadi cewa ƙurar hunturu na cinye ƙarfin farantai, a riƙa goge su da sassafe. Ba wani abu mai tsada a cikin wannan duka. Sani ne da ma'auni.

A ɗaya gefen kuma masana'anta ta dawo ta wata ƙofa. Kamfanonin casar shinkafa sun yawaita a Kano, musamman bayan rufe iyakoki a Agustan 2019, kuma a kewayen kasuwar Dawanau da ke ƙaramar hukumar Dawakin Tofa ana tace riɗi da zoɓo don fitarwa waje. A irin waɗannan wurare akwai injin tsince hatsi da ke kallon ƙwayoyi da kyamara yayin da suke gangarowa, ya hure baƙa ko tsakuwa da ɗan tsirin iska cikin ƙiftawar ido. Yana son wuta tsayayya da iska busasshiya mai tsabta. In ya rikice, mai wayarin gida ba shi da abin yi a kansa, sau da yawa sai an kira ƙasar da aka sayo shi, Indiya ko Sin, ana nuna musu allo ta bidiyo, motocin shinkafa na jira a ƙofa. Ga kuma matatar ruwa ta Watari, ga bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614 da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. Kowannensu ba ya tafiya sai da masu awo da sarrafawa.

Matashin da ke son shiga ya san cewa matakan ba ɗaya ba ne, kuma ba wanda ya raina wani. Hukumar kula da aikin injiniya, COREN, da aka kafa a 1970, tana yi wa aji huɗu rajista: injiniya, masanin fasaha, ƙwararren ma'aikaci, da mai sana'ar hannu. Mai digiri shekara biyar yake yi, da watannin koyon aiki a masana'anta. Mai difloma yakan yi biyu, ya fita aiki shekara guda, ya dawo ya yi biyu, kuma har yau yana kukan bambancin da ake nuna masa a wajen ɗaukar aiki, kuka mai gaskiya, don sau tari hannunsa ya fi faɗawa. Abin da ya raba injiniya da saura ba farar hular kwano ba ce. Shi ne mai lissafa kaurin waya da girman abin kariya, shi ke zana yadda za a haɗa, shi ke cewa kada a saki wuta akwai mutum a kan layi, in gobara ta tashi kuma sa hannunsa za a nema. Alhaki ne ake biyansa ya ɗauka. Ga 'yan mata kuma, aikin zane da rubuta umarnin PLC da gwajin na'urori ba ya bukatar hawa turke, ban ga dalilin da zai sa a bar wa maza shi ba.

Makarantun suna kusa. Ga kwalejin ilimi ta fasaha ta tarayya a Bichi, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Kazaure, ga sashen fasaha na kwalejin jiha a cikin birni, ga jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, ga Jami'ar Bayero da ta buɗe sashen da ya haɗa ilimin inji da lantarki da kwamfuta wuri guda. Dokar lantarki ta 2023 ma ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu da kansu. Abin da babu shi ne gurbin aiki a ƙauyen.

Don haka kirana ga shugabannin ƙananan hukumomin Bichi da Ɗambatta da Kunchi da Tsanyawa da Makoɗa da Minjibir da maƙwabtansu: kowace tana da sashen ayyuka, a ɗauki ƙwararren ma'aikacin lantarki ko da biyu ne, a ba shi babur da ma'auni da littafi, ya san kowace rijiyar sola da kowane asibitin sha-ka-tafi mai batir a yankinsa, ya riƙa zagayawa kafin su lalace, ya kuma kai wa kamfanin rarraba wuta rahoton taransifomar da kaya suka yi wa yawa. Kada a biya ɗan kwangila kuɗinsa na ƙarshe sai ya miƙa zanen aikin da sakamakon gwajin rijiya. Albashin ma'aikacin nan na wata da watanni bai kai kuɗin gyaran taransifoma ɗaya da ta ƙone ba.